BINDIGAR FARKO TA MAI KOYON HARBIN BAREWA

A ƙasashen Amurka da Ingila da Sikotlan akwai wata tambaya wadda samari ba su gajiya da yi wa dattawa, su kuwa dattawan ba su gajiya da gardama a kanta. Tambayar ita ce: saurayin da ya ke so ya fara harbin barewa, wace irin bindiga ya kamata ya fara saye, kuma mai wane irin harsashi? Mun ga ya dace mu sa baki cikin wannan magana, 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, domin a ƙarƙashinta akwai abin da ya shafi aikin da a ke horar da mu dominsa, watau yadda a ke zaɓa wa mai koyo kayan aiki daidai ƙarfinsa. Ban da wannan kuma akwai rai a ciki, gama kuskuren zaɓi a nan kan dabba ya ke komawa.

Ra'ayinmu ke nan tun da fari. Bindigar farko ta zama matsakaiciya, mai sauƙin shuri, wadda saurayi zai iya harbawa sau ɗari ba tare da ya ji tsoronta ba. Kuɗin da ya rage kuma ya zuba shi cikin harsashin gwaji. Wanda ya ba mai koyo babbar bindiga don alfahari ya cuce shi, ya kuma cuci naman daji.

Bari mu fara da dabbar kanta. Abin da mu ke kira barewa a nan don rashin wani suna ya bambanta da barewarmu, da gada, da mazo, da gwanki. Namu ƙahonsu ba ya faɗuwa har su mutu. Na Turawa kuwa ƙahon ƙashi ne zalla mai rassa kamar itace, namiji ya kan zubar da shi kowace shekara ya tsiro sabo. Duk Afirka ba inda irin wannan ke zaune tun asali sai dazuzzukan arewa, wajen Aljeriya da Tunisiya. Iri-iri ne kuma. Ƙaramar ta Turai ba ta cika wuce laba 70 ba, kamar akuya ke nan. Mai farar wutsiya ta Amurka, namijinta ya kan kai laba 150 zuwa 300. Jan nan na duwatsun Sikotlan shi ma ya kan haura laba 200. Dukansu fatarsu ba kauri, haƙarƙarinsu kuma ba ƙarfi irin na ɓauna. Wurin da maharbi ke nema shi ne zuciya da huhu, bayan kafaɗa kaɗan, faɗinsa kamar inci 8 zuwa 10, watau kamar faifai. Harsashin kirki in ya ratsa wannan faifai, dabba ta kan mutu nan da nan ko bayan ɗan gudu kaɗan. In ya kauce masa, girman bindiga ba ya gyara ɓarnar.

Sa'an nan sai lambobin da a ke rubutawa jikin bindiga, waɗanda su kan rikita baƙo. Lambar farko faɗin ramin bindiga ta ke nunawa. In an ce .243, ana nufin faɗin harsashin bai kai rubu'in inci ba sai ɗan kaɗan. In an ce .30, kashi uku ne cikin goma na inci. Mutanen Jamus da maƙwabtansu da milimita su ke awo, saboda haka 7x57 ma'anarsa faɗi milimita 7, tsawon kwanso milimita 57. Lamba ta biyu a sunayen Amurka ba ta da ƙa'ida ɗaya. A .30-06, wannan 06 shekara ce, watau 1906, sa'ad da sojan Amurka suka karɓe shi. A .30-30 kuwa, wanda kamfanin Winchester ya fitar a 1895, talatin ta biyu nauyin albarushi ce da awon ƙwaya, ƙwaya 7,000 kuwa su ne laba ɗaya. Abin lura a nan shi ne .30-30 da .308 da .30-06 da .300 Magnum duk faɗin harsashinsu ɗaya ne. Bambancinsu yawan albarushin da ke cikin kwanso, shi ke ƙara wa harsashi gudu, shi ke kuma ƙara wa bindiga shuri.

To, wannan shuri shi ne gindin maganarmu. Mun karanta a darasin kimiyya ƙa'idar da Isaac Newton ya bayyana a 1687, cewa duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi baya daidai gwargwado. Harsashi da hayaƙin albarushi su yi gaba, gindin bindiga ya daki kafaɗa. Turawa suna auna wannan da wani ma'auni, awo ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga laba ɗaya sama ƙafa ɗaya. A bindiga mai nauyin laba 8 ko kusa da haka, shurin .243 ya kan kai awo 9, na .30-06 wajen 20, na .300 Magnum kuwa wajen 26. Watau ta biyu ta ninka ta farko, ta uku ta kusa ninka ta sau uku.

Me wannan ke jawo wa mai koyo? Jikin ɗan Adam ba ya manta abin da ya ji masa ciwo. In saurayi ya harba babbar bindiga sau biyar ko goma, kafaɗa ta yi tsami, kunne ya yi ɗum, to, daga nan jikinsa ya fara kare kansa ba da saninsa ba. Kafin harsashi ya fita ya runtse ido, ya ture kafaɗa gaba, ya fizgi kunama. Bakin bindiga ya ɗan sunkuya, abin da bai kai kaurin tsinke ba a wurinsa, amma a nisan yadi ɗari ya zama taƙi guda ko fiye. Masu koyar da harbi suna da dabarar gane wannan ciwo. Su kan miƙa wa ɗalibi bindiga ba harsashi a ciki, shi kuwa yana tsammani akwai. Ya ja kunama, ba ƙara ba shuri, amma kowa ya ga bakin bindiga ya yi ƙasa. Mu da mu ke koyon malanta mun san ɗan'uwan wannan ciwo. Yaron da aka saba yi wa bulala a kan kowane kuskuren karatu, da malam ya matso sai ya ƙanƙame jiki, harafin da ya sani jiya ya ɓace masa. Cire masa wannan tsoro ya fi koya masa harafin wuya.

Ƙarshen abin a daji ya ke bayyana. Harsashin da ya kauce wa huhu ya faɗa ciki, ko ya karya ƙafa, ko ya tsinke muƙamuƙi. Dabba ta shige sarƙaƙiya, maharbi ya bi sawu har duhu ya rasa ta. Ita kuwa ta kwana tana shan azaba, wani lokaci kwana biyu ko uku, kafin rai ya fita, nama ya ruɓe ba wanda ya amfana. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin yanka da farauta cikin Risala ya san addini ya halatta farauta don abinci, ya ƙyamaci yin ta don wasa kawai, ya kuma hori mai yanka ya wasa wuƙarsa ya sauƙaƙa wa dabba. A wurin maharbi, iya saiti shi ne wasa wuƙa.

Wani zai ce, anya ƙaramin harsashi ya isa? Tarihi ya ba da amsa. Wani mutumin Sikotlan, W. D. M. Bell, wanda a ke yi wa laƙabi da Karamojo saboda yankin Yuganda inda ya yi farauta a farkon ƙarni na 20, ya kashe giwa fiye da 1,000, yawancinsu da bindiga 7x57, wadda Ingilishi ke kira .275. Ba mu kawo shi don yabon kisan giwa ba, gama irin wannan cinikin haure shi ya ƙarar da giwaye a wurare da yawa. Mun kawo shi ne don abin da ya sa ya iya. Ya tsaga kawunan giwaye ya nazarci inda ƙwaƙwalwa ta ke, ya kuma yi ta gwaji har bindiga ta zama kamar yatsarsa. A ƙasar Suwidin kuma, harsashin 6.5x55 wanda sojansu suka karɓa a 1894 ya shekara fiye da ɗari yana kayar da babbar barewar nan ta arewa wadda ta kai doki girma. A dazuzzukan gabashin Amurka, .30-30 cikin bindigar Winchester ƙirar 1894, wadda John Browning ya tsara, ta ciyar da gidaje da naman barewa tun zamanin kakanni, an kuwa ƙera ta fiye da miliyan bakwai. Ba ɗaya cikin waɗannan uku da ke da mugun shuri.

Amma kada a ɗauka cewa mun ce kome ƙanƙantar bindiga ta yi. Akwai iyaka ta ƙasa. Ƙaramar .22 ɗin nan da a ke harbin zomo da kurege da ita, harbin barewa da ita zalunci ne, ƙasashe da yawa kuma sun hana. Dokar barewa ta Ingila ta 1991 ta ce faɗin rami kada ya gaza .240, ƙarfin harsashi a bakin bindiga kuma kada ya gaza awo 1,700. A 2007 aka yi sassauci ga iri biyu mafiya ƙanƙanta kaɗai. Saboda haka .243 ta zama bindigar farko ta samari da yawa a can, domin ta haye wannan iyaka ba tare da ta wahalar da kafaɗa ba.

Irin harsashin ma abin dubawa ne. Na soja an lulluɓe shi da ƙarfe har kai, ya kan ratsa jiki ya wuce da ɗan ƙaramin rami. Na farauta kansa a buɗe ya ke ko mai taushi, in ya shiga jiki sai ya baje kamar laima, ya yi ɓarna mai faɗi cikin huhu, mutuwa ta zo da sauri. Yarjejeniyar birnin Heg ta 1899 ta hana amfani da irin wannan mai bajewa a yaƙi, alhali kuwa dokar Ingila ta wajabta shi a harbin barewa. Dalilin duka biyun tausayi ne: sojan da aka harba ana fata ya warke, dabbar da aka harba ana so ta huta nan take. Yanzu kuma akwai na jan ƙarfe zalla ba dalma. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya a 2019, saboda ungulayen ƙasar suna cin ragowar kayan ciki gubar ta kashe su.

To, wanne za a zaɓa? Mu a ganinmu, saurayi ya duba cikin waɗannan. Akwai .243 Winchester na 1955, mafi sauƙin shuri, ya dace da yaro da mace da duk mai ƙaramin jiki. Akwai 6.5 Creedmoor na 2007 da 7mm-08 na 1980 da tsohon 7x57 na 1892, shurinsu ya ɗara na .243 kaɗan, harsashinsu ya fi nauyi, sun isa babban namiji. Akwai .270 na 1925 da .308 na 1952 ga ƙaƙƙarfan saurayi wanda ya gwada ya ga ba su razana shi ba. Daga nan mu ke ja layi. Wanda farautarsa cikin kurmi ce inda ba a hangen fiye da yadi ɗari, .30-30 ta ishe shi. Wanda zai yi a fili ko kan duwatsu ya nemi mai gudu wanda ba ya saurin sunkuyawa. Ya kuma tambayi abu biyu kafin ya biya kuɗi. Na ɗaya, ana samun harsashin a kantin garinsu, kuma nawa ne? Bindigar da harsashinta ke da tsada ba a gwaji da ita. Na biyu, me dokar wurin ta ce? A jihar Ohayo, alal misali, ba kowane irin kwanso aka yarda a harbi barewa da shi ba, sai mai miƙaƙƙen jiki marar wuya.

Game da ƙirar bindigar kanta, mun fi son mai sakata, irin wadda a ke ɗaga hannu a ja baya a fitar da kwanso, a tura gaba a ɗura sabo. Ƙirar Mauser ta 1898 ita ce uwar yawancinsu. Tsofaffin sojanmu da suka yi yaƙin Bama sun san 'yar'uwarta, watau .303 ta Ingila. Falalarta ga mai koyo uku ce. Ba ta cika lalacewa ba. Ana iya zare sakatar a leƙa ramin a tabbata ba kome ciki. Kuma tana tilasta wa mutum ya dakata tsakanin harbi da harbi, ya san harsashin farko shi ne abin dogaro. Sai a duba tsawon gindi. In ya yi wa saurayi tsawo, ba zai zauna cikin kafaɗa ba, shuri ya ƙaru. Kada kuma a ruɗu da marar nauyi ƙwarai don daɗin ɗauka, gama gwargwadon rashin nauyin bindiga gwargwadon dukanta. Madubin hange mai kusanto da abu sau huɗu, ko mai juyawa daga uku zuwa tara, ya wadatar. Gwamma tsohuwar bindiga mai lafiya da madubin kirki da sabuwa mai ƙyalli da madubin banza. Abin toshe kunne kuma dole ne a wurin gwaji, domin rabin tsoron bindiga daga ƙara ya ke zuwa, jin da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Masu ja da mu suna da hujja biyu, ba kuwa za mu raina su ba. Ta farko, su kan ce talaka bindiga ɗaya zai saya duk rayuwarsa, gara ya sayi .30-06 wadda za ta yi masa barewa yau, ta yi masa manyan namun daji gobe. Gaskiya ne .30-06 ta isa kusan kome a Amurka, kuma ana sayar da harsashinta mai rangwamen albarushi wanda ke rage shuri. Wanda halinsa ke nan, kuma jikinsa ya ɗauka, ba mu ce ya yi laifi ba, muddin da mai rangwamen ya fara. Amma mu tuna cewa yawancin masu sayen bindiga don namun gobe ba su taɓa zuwa wannan farautar, su ƙare rayuwa suna shan duka a kan barewar da .243 za ta kayar. Bindiga mai lafiya kuma ba ta rasa mai saye in buƙata ta sake.

Hujja ta biyu, su kan ce babban harsashi yana rufa wa mai kuskure asiri, ko an ɗan kauce dabba za ta faɗi. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a nan, domin harsashi mai nauyi ya fi karya ƙashin kafaɗa ya wuce. Amma barewar da aka harba a tumbi da Magnum gudu za ta yi kamar wadda aka harba da .243. Babbar bindiga ta kan rage illar ƙaramin kuskure, ta kuma haifar da manyan kurakurai a hannun wanda ke tsoronta. Ba riba a ciniki irin wannan.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Bayan an sayi bindiga, aikin bai ma fara ba. Shawararmu ita ce mai koyo ya fara da ƙaramar .22 a kan takarda, inda harsashi ke da araha, shuri kuma babu, har numfashi da matsa kunama su zauna masa. Sa'an nan ya koma ga bindigar barewa. Ya kafa faifai a yadi hamsin, ya harba a tsaye, a durƙushe, a kwance, da jingine da sanda, yadda zai yi a daji. In yana samu tara cikin goma, ya ƙara nisa. Inda ya fara kuskure, nan ce iyakarsa, kome kuwa nisan da aka rubuta a kwalin harsashi. Barewar da ta tsaya bayan wannan iyaka, ya bar ta ta tafi. Jihar Niyok ce ta fara wajabta darasin kiyaye haɗari ga sabon mafarauci a 1949, sauran jihohi suka bi. Abin da a ke koyarwa bai wuce wannan ba: ka ɗauki kowace bindiga a kan tana ɗure, kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka nufin harbi, yatsa ya nisanci kunama sai ka daidaita saiti, ka kuma san abin da ke bayan dabbar, domin harsashin irin waɗannan bindigogi ya kan yi tafiyar mil biyu ko fiye.

Kada wani ya karanta wannan ya ce muna kiran samarin ƙasarmu su nemi bindiga. A Nijeriya dokar bindigogi ta 1959 ta hana riƙe bindiga sai da lasin, namun dajinmu kuma ba su da yawan da za su ɗauki sababbin maharba. Mutanen Amurka sun taɓa kusan ƙarar da barewarsu, wajen shekara ta 1900 abin da ya rage bai fi rabin miliyan ba. Suka kafa lokacin farauta da iyakar abin da mutum zai kashe, a 1937 kuma suka yi doka cewa harajin bindiga da harsashi ya tafi ga kiwon namun daji. Yau ana ƙiyasta mai farar wutsiya wajen miliyan 30. Mu kuwa maririn da kakanninmu suka sani a bakin hamada, a shekara ta 2000 aka bayyana ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mai da shi ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata a killace. Gandun Yankari da aka keɓe a 1956 yana cikin 'yan wuraren da yaro zai ga gwanki da idonsa. Bindigar da ta dace da hannun mai ita sashe ne na wannan tsari, domin maharbin da ke jikkata biyu kafin ya kai ɗaya gida ya ci rabon mutum uku.

Maharbanmu na gargajiya sun riga mu sanin wannan. Yaro da danƙo ya ke farawa, ya bi manya yana riƙe musu jaka da kare, ya koyi sawu da iska, kafin a yarda ya taɓa baka ko adaka. Ba a ba shi abin da ya fi ƙarfinsa don a faranta masa rai. Gobe za a damƙa mana aji, iyaye kuma za su matsa mana mu ɗora wa yara manyan littattafai don a ce makarantarsu ta yi nisa. A ranar mu tuna da saurayin da ke runtse ido kafin ya ja kunama, mu ce daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya ba mu ikon auna kayan kowane ɗalibi gwargwadon wuyansa, amin.